An Shafe Ambaliya da Farar Ƙasa

Shafi na 14

Masu turo min saƙo cewa Muntaka ba shi da kunya, ya cika ɗaga wa manya murya, duk na gani. Ku karanta wannan shafin har ƙarshe, sannan ku sake zaginsa in bakinku zai iya.

* * *

Tun daga kan gadar katako na fara jin kiɗa.

Na taka birkin babur ɗin da na aro a Ƙaraye, na kasa kunne. Kalangu ne. A Unguwar Lado. Garin da na baro ana kuka, katangu a ƙasa, dawa tana tsiro a cikin rumbuna.

Daminar 1988 ce. Ruwan da ya gangaro daga wajen Yammedi ya tsaga mana gari, ya bar kwazazzabo a bayan gonaki. Tun lokacin nake Kano ina zaryar ofis-ofis da sunan ƙungiyar ci-gaban garinmu. Ƙaramar hukuma ta tura ni jiha, jiha ta ce sai Legas ta turo mutanenta. Gwamnatin tarayya tana da asusun ambaliya da zaizayar ƙasa, amma ba a buɗe shi da labarin baki. Sai injiniya ya zo, ya auna, ya ɗauki hoto. Kuma an faɗa min ƙarara: wuri ɗaya za a yi wa magudanar ruwa a yankin Ƙaraye da Rogo, inda ɓarna ta fi muni.

Yau ce ranar zuwan injiniyan da mutanensa. Mu za a fara dubawa, daga nan su wuce wani ƙauye wajen Falgore.

Kafin in tafi na tsaya a gaban jama'a na ce kada a taɓa komai. Ko tubali ɗaya.

Na shiga gari.

Ramin bakin kasuwa, wanda jaki ya faɗa ya karye, babu shi. An cike shi da jar ƙasa an daddaɓe. Katangun da suka faɗi an tayar, yaɓen ko bushewa bai yi ba, an bi shi da farar ƙasa. Har bishiyoyi an shafa wa fari zuwa gwiwa. Shatin ruwan da ya kai ƙirjin mutum a bangon masallaci, wanda na rantse wa mutanen Kano cewa za a gani, an goge shi tas.

Sai ga Lukumanu, sarkin samarin gari, abokina tun muna kiwon awaki. Hannuwansa fari fat, yana washe baki.

"Ɗan boko! Ka ga aiki ko? Gayya muka yi. Har mutanen ruga sun zo da shanunsu suna jan ƙasa."

"Wa ya sa ku?"

"Ko sannu da aiki babu?"

"Lukumanu, wa ya sa ku?"

"Haba Muntaka. Baƙi tun daga Legas, su zo su tarar da mu kamar jiƙaƙƙun kaji?"

"Abin da suka zo gani ke nan! Jiƙaƙƙun kajin suka zo gani!"

Makaɗin ya sassauta hannu. 'Yan firamare da aka jera a rana suka juyo.

"Likita zai zo duba gyambo, kun ɗinka wa majinyaci sabon wando! Ka san abin da kuka binne a ramin nan? Magudanar ruwan garin nan kuka binne. Da hannunku. Kuna kiɗa!"

Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya goge hannu a riga, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Ni an ce in tara samari, na tara. Je ka tambayi Dagaci."

Dagaci mahaifina ne.

Na same shi a zaure, ya sha babbar rigar da sai da salla yake fito da ita. Liman na damansa. Kansila Maikuɗi na hagunsa, yana ta bitar jawabin maraba. Dattawa sun kewaye su. A waje an ɗaure wani ƙaton rago da za a ba baƙi.

Na cire takalmi, na durƙusa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. Ka zo lafiya?"

"Lafiya."

"Ya hanya? Ya mutanen Kano?"

"Baba, wa ya ce a gyara gari?"

Liman ya tsayar da carbinsa.

"Ni na ce," in ji Baba.

"Bayan na roƙe ku kada a taɓa?"

"Na ji roƙonka."

Kansila Maikuɗi ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Mu mun daɗe muna hulɗa da manya. Babban mutum in ka karrama shi, ya ci ya sha, ya ji kiɗa, ya tafi da rago a bayan mota, to ko a ina yake zai tuna da kai."

"Ranka ya daɗe, ba rago ya zo aunawa ba."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta.

"Ka ji yaran zamani," in ji kansila.

"Na ji su, ni ne su! Kun san sau nawa aka bar ni a kan benci tun safe har a tashi ofis? Kun san masinja nawa na ce wa ranka ya daɗe? Na tsaya gaban mutanen da ba su taɓa jin sunan garin nan ba, na ce musu ruwa ya kai ƙirji, na ce gidaje sun faɗi. Yau za su zo su ga me? Gari fes kamar ana jiran amarya! Su ce ɗan Dagaci maƙaryaci ne, su ja motarsu."

"Muntaka," in ji Liman, "rufin asiri ma ni'ima ce."

"Gafarta malam, rufin asirin nan shi ke kashe mu. Mutum yana kwance rai a hannun Allah, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Rumbunsa ya tafi, ka ce ya aka ji da ruwa, ya ce ruwa ya yi gyara. Gyaran me? Wa zai taimaki mutanen da kullum suke lafiya lau? Can wajen Falgore ba su share komai ba. Gadajen da ruwa ya kwaso suna nan a kan hanya, da gangan suka bari. Su sun san abin da ake ciki. Mu kuma muna shafa wa bishiya fari!"

"Ka gama?" in ji Baba.

"Ban gama ba."

Na ji dattawa sun ja numfashi. Wani ya yi salati. Ban taɓa mayar wa Baba magana a gaban mutane ba, amma ranar jinina tafasa yake.

"Damina ba ta ƙare ba. Ku leƙa gabas ku ga hadarin da ke haɗowa. In ruwan nan ya dawo, farar ƙasar ce za ta tare shi? Ko jawabin kansila?"

Baba ya daɗe yana kallona. Babu fushi a fuskarsa, kuma hakan ya fi ƙona min rai.

Ya miƙe, ya tattara hannun riga.

"Ku ba mu wuri kaɗan. Taso."

Muka bi ta cikin gida. Mata suna ta hidimar tukwane, hayaƙi ko'ina. Goggo Tasalla, ƙanwar Baba, tana ganin inda muka nufa ta saki muciya.

"Yaya, ina za ka kai shi?"

"Koma kan aikinki."

"Don Allah Yaya, ba yau ba. Ka bari baƙin su tafi."

"Shi ya ce bai gama ba."

Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Kai ma Muntaka da baki. Da ka yi shiru."

Muka fita ta ƙofar baya, muka yi gabas. Nan babu shara, babu fari. Laka har idon sawu. Can gaba na hango zana, sababbi, an kafa su a jere kamar katanga, tun daga bayan gidan ƙanwata Zaituna har gindin kuka.

"Har da labule aka yi wa ɓarnar?" na ce. "Sai ka ce wasan yara."

Ya kwance igiyar zana ɗaya, ya ja ta gefe.

"Shiga."

Na shiga.

Maƙabartarmu ce.

Rabinta ce.

Lokacin da na tafi Kano kwazazzabon yana can nesa, bayan gonaki. Yanzu ya karkato ya shigo, ya yanke ƙasar kamar da wuƙa. Zurfinsa ya fi tsayin soro. A jikin bangonsa ga ramuka nan dogaye, sirara, a jere, babu kowa a ciki. Itatuwan rufi da fasassun tukwane sun watsu a ƙasa cikin yashi.

Na juya wajen Baba.

"Yaushe?"

"Ruwan da aka yi bayan tafiyarka."

Na fara neman aduwa. Kabarin mahaifiyata, Inna Turai, yana gindin aduwa. Da ita nake gane shi duk Juma'a. Na duba dama, na duba hagu. Sai na hango ta can ƙasa, a kwance, saiwoyinta a sama.

"Ina Inna?"

"Waɗanda muka samu mun sake musu sutura. Mun mayar da su tudun arewa."

"Ba wannan na tambaya ba, Baba."

Ya juya min baya.

"Mun bi rafin har inda ya faɗa kogi. Ni da Liman da samari. Lukumanu har nutso ya yi."

"Baba."

"Ba mu same ta ba."

Ban san lokacin da na zauna a lakar ba. Daga nesa kalangu yana ta tashi.

"Duk garin nan sun sani?"

"Sun sani."

"Sai ni."

"Sai kai."

"Ina can ina barar benci, mahaifiyata tana bin ruwa, ba wanda ya iya hawa keke ya faɗa min? Uwata ce fa!"

"Matata ce."

"Me ya sa ka ɓoye min?"

Ya juyo. Yanzu idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Saboda na san ka. Da ka ji, da yanzu tana cikin jawabinka."

Kamar ya watsa min wuta.

"Ni? Ni zan yi talla da Inna?"

"Ba ka ce sai sun ga mafi muni ba? Ga mafi muni nan. Ka ɗauka ban fahimci maganarka ba ne, don ban yi boko ba? Na fahimta sarai. In suka tarar da gari a rushe za su bi ɓarna gida-gida, har inda ta tsaya. Nan ta tsaya. Shi ya sa na ce a gyara. Su zauna a inuwa, su ci, su tafi."

"Su tafi da aikin!"

"Su tafi da shi. Kai ka ce da mai ɗaukar hoto za su zo. Ya tsaya a nan, ya saita makwancin iyayenmu, ya ƙyasta. A kai Legas, a baza a kan tebur, ana shan shayi ana nunawa da biro. Wannan ramin na wane ne, wancan na wance. Na kasa tsare ta daga ruwa, Muntaka. Daga idon mutane kam zan tsare ta."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ban taɓa jin haka ba.

Da na yi shiru. Wallahi na so in yi shiru. Amma na ɗaga kai na ga rabin da ya rage, na ga yadda ƙasar ta tsattsage a bakin ramin.

"Sauran fa? Kakana yana can. Yaya Baraka yana can, kana ganin tsagar ta kusa kansa. Ruwa ɗaya ya rage musu."

"Allah ne mai tsarewa."

"Bayan maƙabarta gidan wa ke biye? Na Zaituna ne. Da 'ya'yanta a ciki. Su ma in ruwa ya kwashe su zana za ka kafa?"

"Ka iya bakinka."

"Allah ya kawo masu awo har ƙofar gidanka, ka shafa musu farar ƙasa a ido, sannan ka ce shi ne mai tsarewa? Inna ta riga ta tafi, Baba! Babu abin da ya rage a ramin nan da za ka rufa wa asiri. Masu rai kake binnewa!"

Hannunsa ya tashi sama.

Na tsaya ina jira.

Bai sauke shi a kaina ba. Hon ɗin mota ne ya katse mu, sau biyu, daga bakin kasuwa. Guɗa ta tashi.

Baba ya sauke hannun. Ya fita, ya jira na fito, ya ɗaure zanar da kansa, ƙulli a kan ƙulli.

"Kai za ka yi tafinta," ya ce. "Abin da na faɗa shi za ka faɗa. Ba ƙari."

Landiroba biyu ne. Injiniyan gajere ne, mai furfura kaɗan a gemu, ba ya jin Hausa. Dogon takalmin ruwa ya sako har gwiwa. Ya sauko, ya dubi takalmin, ya dubi ƙasar da aka share aka yayyafa wa ruwa don ƙura. Mai hoton yana bayansa, kyamara a rataye, ko murfinta bai cire ba.

Maroƙi ya buɗe maƙogwaro. 'Yan firamare suka fara waƙar maraba. Kansila Maikuɗi ya warware jawabinsa.

Injiniyan ya ɗaga hannu, ya ce da Turanci ba shi da lokacin jawabi. Yana so ya ga inda ruwa ya yi ɓarna.

Na faɗa wa Baba.

"Ka ce masa ruwa ya zo, ya wuce, mun gode Allah."

Na faɗa. Kalma bayan kalma, kamar ina tauna tsakuwa.

Injiniyan ya zagaya bakin kasuwa. Ya taɓa bangon masallaci, farin ya manne masa a yatsa, ya shinshina. Ya dubi katangu, ya dubi ragon da ke ta kuka a turke. Sannan ya dube ni.

"Kai ne wanda ya hana mutanen Kano sakat?"

"Ni ne."

"Kai ka ce ruwa ya kai ƙirji?"

"Ni na ce."

"Ƙirjin wa?"

Mai hoton ya yi murmushi.

"Saurayi, duk inda muka je haka muke gani. Kowane gari ya ji an ambaci asusu sai ya ce shi ruwa ya fi ci. Akwai mutanen da a yanzu haka a makaranta suke kwana. Ka ɓata min safiya."

"Me yake cewa?" in ji Baba.

"Ya ce ni maƙaryaci ne."

"Ka ce masa ga abinci an shirya. Ka ce ga rago, ba yawa."

Ban fassara ba. Babu buƙata. Injiniyan ya riga ya dubi sama, ya ga hadarin ya yi baƙi, ya ce wa direba su kama hanyar Falgore kafin ruwa ya rufe ta. Direba ya tayar da mota. Kansila ya bi shi da jawabi a hannu yana ranka ya daɗe, ranka ya daɗe.

Na waiga. Zaituna tana cikin mata, goye da ƙaramin ɗanta, babban yana riƙe da zaninta. Ba ta guɗa. Ni take kallo.

Injiniyan ya sa ƙafa ɗaya a mota.

"Dakata, yallaɓai," na ce da Turanci.

Baba bai iya Turanci ba. Amma shi ya haife ni.

Kafin in ƙara kalma ya cafke hannuna na dama. Yatsunsa suka nutse a tsintsiyar hannun. Fuskarsa tana wa baƙi murmushi, bakinsa yana kusa da kunnena.

"In ka kai su wurin nan, ban yafe ba. Duniya da lahira."

Kalangu ya tsaya. Iska ta taso, mai ƙamshin ruwa.

Injiniyan ya sauke ƙafarsa ƙasa.

"Akwai abin da ban gani ba?"

"Akwai."

Mai hoton ya cire murfin kyamara.

"A ina?"

Hannuna na dama yana hannun Baba.

Sai na ɗaga na hagu, na nuna gabas.